Faranti da Wuƙa

"Ka ji shi kuma?" in ji Bira, injiniyan sauti, yana mayar da kiɗan baya. "Ƙarr, ƙarr. Ko ɓera ne ya tare a piyanonka, ranka ya daɗe?"

Edvaldo bai yi dariya ba. Yau da yamma za a tura faifansa na kiɗan jaz wajen bugawa, wannan ƙara kaɗai ta rage a goge. A falon mahaifiyarsa da ke garin Santo Amaro aka ɗauki kiɗan, kan tsohon piyanon da ya koyi sana'ar, ana saura makonni ta rasu.

Mahaifiyar tasa, Dona Zulmira, ba ta taɓa zuwa wasansa ba. "Kiɗan da ba a taka masa rawa ai zaman makoki ne," haka take cewa. Ranar ɗaukar ma kicin ta shige, ta ja ƙofa.

"Ɗaga ƙarar," in ji Edvaldo.

"Dattin zan ɗaga? Tsufa ya fara taɓa ka, abokina."

"Ɗaga dai."

Ƙarar ta cika ɗakin. Edvaldo ya ji kamar ƙanshin manja da soyayyen wake ya biyo ta. Bakin wuƙa ne ake gogawa a gefen faranti, yadda tsofaffin matan garinsu suke kaɗa kiɗan rawar samba a da'ira. Rabonsa da ganin farantin nan a hannun mahaifiyarsa tun mutuwar babansa.

Bira ya daina murmushi. Ya karkata kai yana sauraro.

"Ba binka take yi ba," ya ce a hankali. "Tana gabanka. Kai ne kake binta."

Edvaldo ya rufe ido. Wurin ne, tsakiyar waƙa ta uku, inda kiɗan yake zabura kamar an buɗe taga. Ya sha faɗa wa mutane cewa bai san daga ina abin ya sauko masa ba. Daidai inda wuƙar ta shiga, nan yatsunsa suka farka. Da ya buga sautin ƙarshe, ita ma ta tsaya. Sai shiru, sannan aka kunna famfo.

"Lokaci yana tafiya," in ji Bira, yatsansa a kan maɓalli. "In goge, ko in bar ta can ƙasa-ƙasa?"

Edvaldo ya daɗe yana kallon lasifikar, kamar ƙofa ce da za a iya turowa daga ciki.

"Rage piyanon," ya ce.