Bencinan Inna Nas

Kujerar ta ƙi wucewa ta ƙofa sai da aka karkata ta. Tela ya kama baya, ɗan Inna Nas ya kama gaba, ita kuwa tana zaune a kai, ba nauyi, kamar an ɗauko tulin wanki.

"A hankali mana, ai ba buhu kuka ɗauko ba," in ji ta tana haki.

Suka bi ta barandar da bencinanta suke jingine. A nan take tara yaran unguwa duk yammacin Asabar tun da ta bar aikin asibiti, masu faɗuwar gaba, masu mugun mafarki, masu ciwon ciki idan an ce makaranta. Su zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ke tsorata shi, ta koya musu yadda ake jan numfashi.

Auta, 'yar Tela, tana cikinsu har watan jiya. A can ta faɗa cewa idan babanta ya ɗaga murya ƙirjinta ƙullewa yake. Maganar ta zagayo kunnensa, ya hana ta zuwa. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa shi da Inna Nas ba.

Da za a sa ta a mota zuwa asibiti ta riƙe hannun rigarsa.

"Maƙwabci, Auta ba ƙararka ta kai ba. Tsoro take ji."

"Inna, bari dai ki warke tukuna."

"Kai ma ka san ba warkewa zan yi ba."

Ya rufe mata ƙofar a hankali.

Kwana biyu bayan nan, yana kan keken ɗinki da hantsi, ɗan Inna Nas ya leƙo shago da labarin rasuwarta. Tela bai bari ya gama magana ba, ya ɗauke ƙafa daga keken.

A gida matarsa ta tare shi a ƙofa. "Kada ka faɗa wa Auta. Wallahi suma za ta yi."

Amma katanga ɗaya ce tsakaninsu, kukan ya riga shi shigowa. Ya sami Auta a lungun bayan gado, ta rungume gwiwoyinta, bakinta a buɗe, numfashin na shiga guntu-guntu. Ya buɗe baki zai ce ta tashi, ya ji irin muryar da ke shirin fitowa, ya haɗiye ta. Ya durƙusa.

"Baba, don na daina zuwa ne?"

"A'a, uwata. Ciwo ne. Ni na hana ki."

"To wa zai..."

Bai san abin yi ba. "Me Inna take ce muku idan tsoron ya taso?"

Ta kamo hannunsa mai warin man keke, ta ɗora a kan cikinsa. "Ka ja ta hanci. Ba haka ba, Baba, kana sauri."

Ya sake ja. Nata numfashin bai lafa ba. Ta taga ya hango maza na fito da bencinan suna jerawa a bakin titi don masu zuwa gaisuwa. Wani yaro da ya saba gani duk Asabar ya zo ya zauna a ƙarshen ɗaya, ƙafafunsa ba sa kai ƙasa.