Firijin Kimcin Geum-sun

Firijin kimcin Pyo Geum-sun ya zaɓi tsakiyar bazara ya mutu, lokacin da zafin birnin Daejeon ke dafa mutum a tsaye. Da kimcin kasuwa ne a ciki, da ko a jikinta. Amma robobi huɗun da ke ciki, kimci ne, wato kabejin da aka tsima da gishiri da yaji, na ƙarshe da mahaifiyarta ta cuɗa da hannunta kafin ta rasu. Geum-sun ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, ta hana kowa ma buɗewa.

Mai gyaran da kamfani ya turo, wani Noh Jae-pil, ya leƙa bayan firijin ya sosa ƙeya.

"Mama, ƙwaƙwalwarsa ce, wato na'urar da ke sarrafa shi, ta ƙone, kuma an daina ƙera irinta. Kamfani zai biya ki diyya."

"Diyya tana sanyaya kabeji?" Ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaban tambarin da ke jikin murfin. "Karanta, ɗana, idonka ya fi nawa. Ku kuka rubuta za ku ajiye kayan gyara shekara tara. Bakwai muke ciki."

"Ni dai aiko ni aka yi, Mama."

"To, koma ka ce na gaishe su."

Ranar ta bi maƙwabtan da suke haɗuwa yin kimci duk kaka, ta ba kowace ajiyar roba ɗaya, da kashedin ko murfi kada a taɓa. Washegari ta ɗauki laima da 'yar goran shayin sha'ir, ta je ofishin kamfanin ta zauna. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Duk wanda ya shigo dai sai ta nuna masa hoton tambarin a wayarta, ta tambaye shi ko nasa firijin yana da irinsa. Kafin mako ya zagayo, ƙwaƙwalwar da aka rantse babu ta ɓullo daga wani sito a birnin Busan.

Jae-pil ya ɗaura ta, firiji ya soma gurnani. Geum-sun ta tsare shi a bakin ƙofa.

"Faɗa min gaskiya, nawa ya rage masa?"

"Shekara biyu, in an lallaɓa uku. Daga nan ko zaman dirshan ba zai tashe shi ba."

Zuciyarta ta karye, don ita mahaifiyarta babu wanda ya faɗa mata nawa ya rage. Da ta sani, da ta tsaya kusa ta koyi yadda tsohuwar ke auna gishiri.

Da maƙwabta suka dawo da robobin, ta mayar da uku cikin firiji, ta ɗora ta huɗu a kan tebur ta buɗe. Tsamin ya cika ɗakin.

"Ku zauna, har da kai mai gyara," ta ce, tana raba tsinken cin abinci. "Ku ci a hankali ku gaya min abin da mahaifiyata ta zuba. Kafin firijin nan ya mutu, sai na iya yin irin nata."