Inda Sunan Kande Yake Faɗuwa

Sau uku Kande ta hau amalanke daga ƙauyensu ta zo Agiye, sau uku ana rubuta sunanta a buron rajistar masu zaɓe, amma in an fiddo takarda sai a tarar babu ita. Shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki ce, kowa na neman kartinsa na zaɓe. Washegari da azahar za a aika jerin sunaye Maradi. Wanda ba ya ciki, ba shi ba ƙuri'a.

Zakiyya ce mai kula da babbar na'urar da ke riƙe da sunayen. Da hannunta ta shigar da na Kande, ta ga ya shiga, ta duba, ya ɓace. A cikin na'urar akwai wani umarni da aka rubuta aka ajiye, shi ke tace kowane suna kafin ya zauna. Kafin ƙiftawar ido ya gama aikinsa, ba wanda ke ganin abin da ya yi.

"Ɗiyata," in ji Kande, "in ƙarfen nan bai son tsofaffi, ki gaya mini in tahi. Wake na jirana a gona."

Zakiyya ta je wurin shugaban buron, Hambali. Ta ce akwai abin da za ta ƙara wa na'urar, wanda zai ba ta ikon tsayar da umarnin ta bi shi layi bayan layi, yadda ake bin sawun akuyar da ta ɓata. Sai dai ba ya kamawa sai an kashe na'urar an sake tayar da ita.

"A kashe? Da mutane cike da zaure?" Hambali ya cire tabarau. "Rannan da kuran na lantarki ya ɗauke, kwana biyu ta yi tana yaji. Saboda tsohuwa guda?"

"Guda muka gani, Shef. Ita ce ta dawo."

"In ba ta tashi ba, ke za ki yi wa Maradi bayani. Ni ban ji ba."

Yaran yanzu ba su cika son abin da ke tafiya a hankali ba, amma Zakiyya ta zauna. Ta buɗe takardar saitin na'urar, ta rubuta sunan abin da ta ƙara, ta karanta sau biyu, ta yi bisimilla ta kashe. Zaure ya ɗau guna-guni. Minti huɗu allon na baƙi, kana ya haska.

Ta dasa alamar tsayawa a farkon umarnin, ta sake shigar da Kande. Na'urar ta tsaya cak tana jiranta. Ta danna, ta matsa layi guda. Suna: Kande. Ta danna. Haihuwa: ɗaya ga Janairu, 1955, ranar da ake ba duk marar takarda. Ta danna. Sunan miji: Malam. A layi na gaba umarnin ya duba ya ga akwai wata Kande, matar Malam, ta ƙauye guda da haihuwa guda, ya ce mutum ɗaya ne aka maimaita, ya share.

Zakiyya ta juyo. "Inna, yaya sunan maigidanki?"

Kande ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke dai ba ki da ta ido! Shekara arba'in ban kama sunansa ba, sai yau gaban jama'a?"

Maƙwabciyarta Tala ta leƙo daga layi. "Jibrilla ne, mai kunnen ƙashi. Rubuta. Nawa kuma ita ta hwaɗa miki."

Zakiyya ta rubuta Jibrilla, sunan ya zauna. Ta gyara umarnin ya daina sharewa, ya riƙa ware irin waɗannan gefe mutum ya duba. Da ta binciki baya, mata sittin da ɗaya ta samu, duk matan Malam, duk an share su. Babu wadda ta zo ta yi ƙara.

Kande ta naɗe takardarta a bakin zane ta fita neman amalanke. Hambali ya daɗe yana kallon jerin, sannan ya ɗauki makullin babur ya ce a ba shi sunayen ƙauyukan matan.