Mariƙin da Mama Ta Zaɓa

Shekara ashirin da biyu ina aikin kafinta, ban taɓa haɗuwa da mai tsirfa irin tsohuwar nan ba. Kabad ne na jikin bango a ɗakinta, marar zurfi, wanda kana tsaye za ka miƙa hannu ka taɓo ƙarshensa. Labule ne a bakinsa tun gina gidan, har ɓera ya gano hanya ya yi wa tufafinta kaca-kaca. Shi ne ɗanta ya ɗauko ni in sa ƙofa. Injiniya ne, ga tumbi ga waya biyu, amma ita Auta take ce masa ko a gaban wa.

Tun a mota ya ba ni labarin gidan. Babbar yayarsu ta yanke hukunci: ranar da Mama ta kasa yi wa kanta hidima, za ta tattara ta koma wajenta. Mama kuma ta rantse ba mai raba ta da ɗakinta. Yayar tana tafe ran Asabar ta ga aiki.

Na gama awo, Injiniya ya fara nuna mata hotuna a waya.

"Mama, ga mai madubi. Ɗakin zai ƙara faɗi."

"Tsohuwa ɗaya ta ishe ni a ɗakin nan, Auta. Ba na neman ta biyu."

"To ga mai ninkewa."

"Wannan da ke kama da bakin kada? Ka kai wa matarka."

Ƙofa mai zamiya gefe, wadda ake sa yatsa a ɗan rami a ja, ta ce ita ba kanti ta buɗe ba. Da kyar da siɗin goshi aka tsaya a kan ƙyaure biyu masu buɗowa waje. Na ce to, an gama da mai wuyar. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Na zazzage mariƙai a kan gado. Mai kan ƙwallo, ta ce kamar ƙurji. Na gilashi, ta ce na 'yan gayu ne. Wani na tagulla mai kyau, wanda ni kaina nake ji da shi, ta ce sak hancin marigayi mijinta, ba za ta riƙa jan hancinsa kullum safe ba, ya huta. Raina ya soma ɓaci. Ina da aiki a wuri biyu, ga tsohuwa tana yi wa kayana suna ɗaya bayan ɗaya.

Waya ta fitar da Injiniya waje. Mariƙin nan mai kan ƙwallo ya gangaro kusa da cinyarta, ta kai hannu za ta ɗauka. Yatsun suka rufu a kansa rabi, suka tsaya. Ta sake gwadawa, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Sai a lokacin na lura da gaɓoɓin yatsunta, duk sun kumbura sun karkace, da kuma keken ɗinki a lungu an lulluɓe shi da zane. Kunya ta kama ni, wallahi, har na rasa inda zan sa idona.

Ta harare ni. "Me ka gani?"

"Ban ga komai ba, Mama."

"Shekara arba'in ina zura zare a allura ba tabarau. In ka buɗe baki, sai na ce ka sace mini almakashi."

Na laluba ƙasan jaka na zaro wani dogon mariƙin ƙarfe, kamu guda, irin wanda nake sa wa ƙofar sito. Muni kam ba a magana. Amma tsakaninsa da katako akwai filin da hannu zai shige har wuyan hannu. Na dafa shi a jikin bango, ta zura hannu ta ja da wuyan hannun, ba ruwan yatsa.

"Bai da kyau," in ji ta.

"Ko kaɗan."

"Shi nake so."

Injiniya ya dawo ya ga abin da aka zaɓa, ya riƙe baki. "Mama, wannan ai na firjin mahauta ne! Me zan ce wa Yaya?"

Na gyara murya na shiga zuba. Na ce ai yanzu shi ake yayi, manyan gidaje duk sun bar ƙananan mariƙai, sai wanda idonsa ya buɗe ke gane shi. Ban taɓa shirga ƙarya da tsakar rana haka ba, har gumi ya keto mini. Mama tana gyaɗa kai kamar ita ta koya mini.

Ran Juma'a na kafa ƙofofin. Na cire maganaɗisun da ke riƙe ƙyaure, na saita hinji yadda zai rufe da kansa a hankali. Ta buɗe ta rufe ya fi sau goma, tana mitar fentin ya yi haske da yawa.

Injiniya ya rako ni bakin mota. Ya tsaya yana juya makulli a hannu, ya ƙi kallona.

"Malam kafinta, irin mummunan mariƙin nan, guda nawa gare ka?"

"Za a samu kamar takwas."

"Ka sa a kabad ɗin kicin, da ƙofar banɗaki, da ta falo. Yau, kafin Yaya ta iso. Ita ta turo hotunan nan, dole na nuna." Ya rage murya. "Wata shida ke nan duk zuwan da zan yi sai na bi kwalaben gidan nan na sassauta murafensu. Kar ka gaya mata na sani."

Na sauke jakata na koma ciki. Tana zaune bakin gado, ta ɗago kai.

"Kai kuma me ka manta?"

"Yayi ne, Mama. Sai an yi wa gidan duka iri ɗaya."

Ta daɗe tana kallon taga, inda Auta ke tsaye ya ba mu baya yana goge fuska da hannun riga.

"To ka fara da banɗaki," ta ce a hankali. "Kuma kar ka gaya masa na gan shi."