Ranar da Aka Cire Baba Mukhtaru

Kuna nan a zauren WhatsApp na benenmu lokacin da Uzair ya cire Baba Mukhtaru. Kun gani da idonku, kuka kife waya, kuka koma barcin rana.

Korona ta sa an rufe unguwarmu ta Misfala a Makka, ba shiga ba fita. Ni dokar ta rutsa da ni a unguwar Rusaifa, gidan yayata. Zauren nan kaɗai ya rage mana, mu ɗalibai da tsofaffin mazauna benen, kowa yana ba da labarin abin da yake kewa. Baba Mukhtaru, tsohon direban da ke zaune shi kaɗai a hawa na huɗu, bai iya rubutu a waya ba, sai dai ya turo murya.

"Ya shabab, samarina, kun san besbol? A Dahran na koya, lokacin ina tuƙa 'ya'yan Turawan mai. Wani ya jefo ƙwallo, ka make ta da sanda, ka zura da gudu. Ranar da na fara samunta, sai na ruga da sandar a hannu. Yara suna ta ihu, 'Yar da ita, Mukhtar!' Ni kuwa ina, ai sandar mutane ce!"

Kun yi dariya, har da kai, Hashim. Kashegari ya kawo labarin wani wasan mawaƙa a Jidda, inda ya fara ganin marigayiya matarsa, Asiya. Ya rera baiti biyu, tari yana katse shi.

Uzair, mai riƙe da zauren, ya amsa nan take. "Ya ammi, baffana, ka ji tsoron Allah. Harami a rufe, mutane na mutuwa, kai kana mana waƙa a garin Makka?"

"Ya waladi, ɗana, ba kiɗa fa, baki ne kawai."

"Kalas, magana ta ƙare. Nan ba dandali ba ne."

Ya cire shi.

Na ce, "Uzair, ka ji tarin nan kuwa? Muryar da yake turowa ce kaɗai take nuna mana ya kwana lafiya."

"To, ustazun zamani. In waƙa kake so, kira shi ya yi maka."

Na riƙa kiran nasa kuwa. Kullum sai ya tambaya ko samarin sun huce. Rannan wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na roƙe ku wani ya hau ya duba shi.

"Fushi yake yi," in ji Hashim. "Tsofaffi haka suke."

"In kuma ciwon nan ne fa? Ni ina da iyali," in ji Talal, wanda bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na tsohon.

"Wa ya ce ka rungume shi? Ƙofa za ka buga!"

Sai Uzair ya kulle zauren, ya zama shi kaɗai ke iya magana, ya turo mana tunatarwa kan falalar haƙuri a lokacin annoba.

Da ƙyar na samu lambar mai gadin benen. Shi, wanda ba ya jin Hausa kuma bai taɓa zama gaban malami ba, shi ya hau ya ɓalle ƙofar. Ya tarar da Baba a zaune a bayanta, ya jingina da bango, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Masu motar asibiti suka ce zuciya ce, ba korona ba, kuma ya jima a haka.

Yanzu an buɗe zaure, kowa yana turo ta'aziyya mai ado da furanni. Ku riƙe abinku. A hawa na biyu akwai Hajiya Kabira, ita ma ita kaɗai ce, kuma ko wayar zamani ba ta da ita. Kai da kake karanta wannan, tashi. Sauka ka buga ƙofarta, kada ka motsa daga wurin sai ta amsa.