Ɗakin Ɓoye a Cikin Kwamfutar Kawu

Girman kai rawanin tsiya ne, mafi muninsa kuwa na mai ƙaramin sani, wanda yake ganin a duba aikinsa ma raini ne. A kan irin wannan mutum labarin nan yake.

Kawu mai surfani yana da shago mai ɗaki biyu. A na ciki injin surfanin yake, mai allura goma sha biyu, gefensa kuma kwamfutar da aka sayo su tare shekara tara da suka wuce. Ita ke gaya wa injin inda kowace allura za ta soka. Kawu bai taɓa danna ta ba, ƙura kawai yake goge mata kowace safiya. Mai danna ta ɗan ƙanwarsa ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya. A faɗi gaskiya, hannunsa na da albarka. Furanni, bajin makarantu, adon wuyan riga, duk shi ya zana su, zane ɗari shida da goma sha ɗaya cikin shekara shida, duka kuma a cikin kwamfutar nan suke kwana.

Sai ya fara cewa ta tsufa, tana tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Kawu ya ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ran da Kawu ya fita sayen zare, Injiniya ya kwashe abin da yake zaton zane-zanensa ne a filashi, ya share babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya ɗora sabuwa. Ta yi sauri kam. Amma injin ya yi gum, domin manhajar da ke magana da shi tare da tsohuwar ta zo, tare kuma suka tafi. Kwana uku ko allura ɗaya ba ta motsa ba.

Ran na huɗu da hantsi Kawu ya ɗauko mai gyara, wata mata mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta leƙa cikin kwamfutar, ta ce da sauran rabo. Ta yi masa bayani cewa maƙeran sun bar wani ɗan ɗaki a ɓoye a cikinta, suka ajiye kamanninta na asali da duk manhajojin da ta zo da su, Allah kuma ya sa sharar Injiniya ba ta kai can ba.

Kawu ya zauna a kan buhun ƙyalle. Shekara tara yana goge abin nan, ashe da ɗaki a ciki! Ya tambaya ko maƙeran sun san Injiniya ne.

"Sun san irinsa, Baba," in ji ta.

Daga nan ta juya wurin Injiniya. Ta ce tsofaffin ayyukansa ba su gama mutuwa ba, suna kwance ƙarƙashin sabuwar manhaja kamar rubutun da aka goge sama-sama, in aka ba ta kwana biyu za ta tono da yawa. Amma da zarar ta buɗe ɗakin ɓoye, zai shimfiɗu a kansu, shi ke nan. Ya ce yana da komai a filashi. Ta ce ya ba ta ta duba, minti ɗaya ne. Ya shafa aljihu, bai ciro ba.

"Malama, kina goyo na fara taɓa kwamfuta."

"To, Yallaɓai, ni dai na tambaya."

Kawu ya ce masa, ɗan nan, ba ta mana, mai tambaya ba ya ɓata. Injiniya ya ce Kawu ya tsaya a kan zare, wannan ba fanninsa ba ne. Sau uku ta nema, sau uku ya hana. Ta danna.

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, wani siririn layi ya fito yana rarrafe. Kawu ya kasa ɗauke ido. Shi abin da ya sani a duniya, tsohon ƙyalle ba ya komawa sabo, furfura ba ta komawa baƙa, ga shi yau abu yana tafiya da baya a gabansa. Da layin ya cika sai ta yi wani ɗan kiɗa, hoton tafki da duwatsu ya bayyana. Wannan kiɗan Kawu ya ji, wannan hoton ya gani ranar da aka kwance ta daga kwali, marigayiya matarsa na tsaye a bakin ƙofa tana cewa ya sayo aljani. Kwamfutar ta nemi a sa mata kwanan wata da sunan mai ita, kamar ba ta taɓa sanin kowa ba. Kawu ya yi tasbihi a hankali. Ya ce in ɗan Adam ya iya ɓoye asalin abu a cikin abu, ina ga Wanda ya ɓoye itace a cikin ƙwaya.

Mai gyara ta jona injin, ta zaɓi wata 'yar fure cikin zane ashirin da maƙeran suka haɗo da shi. Allura ta sauka, ta tashi, ta sauka. Kawu ya ɗora tafin hannu a jikin injin yana jin rawarsa.

Sai a sannan Injiniya ya ciro filashi da kansa, yana murmushi, ya soka. Sunayen zane-zanensa suka jeru. Ya danna na farko, kwamfuta ta ce babu. Na biyu, babu. Mai gyara ta leƙa, ta cire gilashi ta goge. Ta ce ba zanen ya kwasa ba, 'yan alamomin da ke nuna hanya zuwa gare su ya kwasa. Ya ɗebe allunan kwatance ne, ya bar gidajen, gidajen kuwa yanzu an yi gini a kansu.

Ya tambaya da wata murya ƙarama ko za a iya tonowa. Ta ce da safe da an iya.

Kawu bai yi masa faɗa ba, wanda ya ƙi ji ai ya riga ya gani. Ga dai abin da Injiniya ya rasa: zane ɗari shida da goma sha ɗaya, aikin shekara shida. Makarantu huɗu da suka gaji da jiran a sake zana bajinsu, suka koma wani shago. Mabuɗin ɗakin ciki, wanda ya koma aljihun Kawu. Da sunan Injiniya, wanda tun daga ranar ko ƙaramar 'yarsa ba ta sake kiransa da shi ba.