Agogon Tagwayen Alhaji Garuba

Ni aka haifa bayan tagwaye, shi ya sa a gidanmu na unguwar Komah a Sokodé ba mai kirana Lami sai Gambo, kuma tun ina ƙarama na san matsayina. In Inna Barakatu ta sayo hula, biyu take sayowa, kala ɗaya, ɗinki ɗaya. In Alasani ya yi zazzaɓi, Fuseini ma sai ya sha maganin yana ƙalau. In Fuseini ya yi ɓarna aka mare shi, sai an taɓa kuncin Alasani ko da yana barci. Inna ta ce haka ake riƙon tagwaye, abin da aka yi wa ɗaya dole a yi wa ɗayan. Ni kuwa ba ni da na biyu, don haka abin da ya rage nake samu. Na ji haushi, har yau ma in na tuna ina ji kaɗan-kaɗan.

Babanmu Alhaji Garuba fataucin goro yake yi, yana da shago a Sokodé, yana da wani a zongon Dapaong. Shekarar da aka haifa masa tagwaye ya je Lomé ya ga wani babban agogon bango mai ƙararrawa, ya so shi. Da ya aiko wa Inna labari, ta ce ko ya sayo biyu ko ya bar shi a can. Biyun ya sayo. Jirgin ƙasa ya kawo su Blitta, daga nan aka ɗora su a motar goro an naɗe su da barguna kamar marasa lafiya. Ɗaya aka kafa shi a bangon gidanmu yana kallon titi, aka ce na Alasani ne. Ɗayan aka wuce da shi Dapaong aka kafa a goshin shago, aka ce na Fuseini ne. A wancan zamani ba kowa ke da agogo a hannu ba, sai ya zamana mahauta da masu koko da yaran lakwal masu zuwa boko duk da namu suke duba lokaci.

Da Baba ya rasu, kowa ya bi agogonsa. Fuseini ya koma Dapaong ya riƙe shagon can, Alasani ya zauna a gida tare da Inna. Yaya Alasani mutum ne mai son sabon abu. Ya rushe zauren gaba ya yi butik, wato shaguna, har uku, ya ce yanzu kowa na da waya a aljihu, wa zai ɗaga kai ya dubi bango. Agogon ya tsaya, bai kula ba. Ruwa ya shiga cikinsa, bai kula ba. Daga baya 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo wucewa, ya sa aka kwashe ƙarafan cikin aka ba su. Fuskar kawai ta rage a bango, ita ma rabinta allon tallan katin waya ya rufe. Inna ba ta sani ba, idonta ya yi rauni, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata. Abin da ta sani shi ne agogon ya yi shiru.

Shekaru suka wuce a haka, ko a jikin Yaya, sai ran da wata rediyo ta Dapaong ta yi shiri a kan tsofaffin abubuwan gari. Aka turo mana muryar ta waya, ina tsakar gida ina tsince shinkafa na kunna. Wani dattijo yana cewa tun yana saurayi yake jin ƙararrawar nan. Wata mata ta ce da ita take sanin lokacin sauke tukunya. Wani ɗan zemijan, masu haya da babur, ya ce in fasinja ya ce a kai shi Agogon Fuseini, ba sai an yi masa kwatance ba. Mai shirin ya maimaita sunan nan har na daina ƙirgawa.

Yaya Alasani yana kan tabarma yana cin wake da shinkafa. Na ga cokalin ya tsaya a tsakanin kwano da bakinsa.

"Agogon Fuseini," ya ce. "Shi ya saya?"

"Ai nasa ne, Yaya," na ce. "Naka ma yana nan a waje."

Ya harare ni, ya ture kwanon. Na san abin da ke cinsa domin na san ɗanɗanonsa tun kafin shi. Mutumin da duk rayuwarsa ba a taɓa ba wani abu an hana shi ba, yau ga ƙaninsa a rediyo shi kuwa ko sunansa ba a ambata ba. Gaskiya na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, to, ɗanɗana ka ji.

Abin bai tsaya nan ba. Abokansa na majalisa suka sa shi gaba. Wannan ya ce ashe kuna da tarihi a Dapaong, wancan ya ce ai ƙanin naka ya zama babban mutum. Ya dawo gida ya cika ya yi fam, ya fara wani sabon zance da ban taɓa ji ba, wai tun asali Baba ya zaɓi mai kyan ya kai Dapaong ya bar masa mai ciwo. Ya kira mai gyara, mai gyara ya hau tsani ya leƙa, ya sauko yana dariya ya ce shi gyara ya iya, bai iya halitta ba. Irin waɗannan ƙarafan an daina yin su, sai dai in an samu ɗan'uwan agogon a ciro nasa. Nan fa idon Yaya ya buɗe.

Ya sami Inna a ɗakinta, ya zauna kusa da ƙafarta yadda yake yi in yana son abu.

"Inna, ba ke kika ce abin da aka yi wa ɗaya a yi wa ɗaya ba?"

"Ni na ce."

"To ga na Fuseini yana ta bugawa har ana sa shi a rediyo, nawa ya yi shiru shekara da shekaru. Ya sha nasa daɗin. Yanzu a ciro cikin nasa a sa a nawa, ni ma in sha. Ni ne babba."

Inna ta ce a nemo mota, ba ta yanke magana tsakanin 'ya'yanta ɗaya ba ya nan. Ta ce in shirya ni ma, ni zan riƙe mata hannu. Aikina ke nan tun da, riƙe hannu da riƙe jaka.

Muka kama hanya da sassafe, ta Bafilo, ta Kara, ta Mango. Yaya yana gaba kusa da direba, sai raha yake yi, har ya sayi ayaba ya raba wa mutanen mota. Ya riga ya gama lissafinsa. A butik ya bar sallahu a cire allon talla a goge fuskar agogon kafin mu dawo. Inna tana ta jan carbi, ni kuma ina kallon ƙeyarsa ina mamakin yadda namiji mai furfura a gemu zai tsallake garuruwa don ƙwace abin wasan ƙaninsa.

Da muka sauka a tashar Dapaong, na ce wa masu zemijan su kai mu zongo, shagon Fuseini ɗan Alhaji Garuba. Ɗayansu ya ce, "Agogon Fuseini? Hau mu je."

Sai da na ga agogon na gane abin da ake yayatawa. An shafe katakon da mai yana sheƙi, an yi masa 'yar rumfar kwano saboda ruwa, gilashin tas. A ƙarƙashinsa akwai benci, tsofaffi na zaune, mai shayi ya kafa teburinsa a gefe. Muna isowa ya buga, murya mai kauri wadda rabona da jin irinta tun da namu ya tsaya. Inna ta tsaya cak ta ɗaga fuska sama, ko da yake ba ta ganin komai. Yaya Alasani kuwa ƙasa ya kalla.

Fuseini ya fito da gudu ya rungume ɗan'uwansa, ya durƙusa wa Inna, ya ja mini kunne ya ce Gambo an girma. Shi haka yake, ba ya ganin hadari sai ruwa ya sauka a kansa. Aka shiga cikin shago, aka ci tuwo, aka sha ruwa, sannan Inna ta ce Alasani ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya faɗa, har da ƙari. Ya ce an fifita ƙaninsa, ya ce ana yi masa dariya a Komah, ya ce hakkinsa yake nema bisa ƙa'idar da aka rene su a kai.

Fuseini ya dube shi kamar bai gane yaren ba. "Alasani, ai da ka gaya mini naka ya tsaya, da na zo mun duba shi tare."

"Ban zo neman taimako ba. Inna ce za ta yanke."

Inna ta gyara zama. "Kun tuna shekarar da takalmin sallar Alasani ya faɗa rijiya?"

Fuseini ya ce ya tuna.

"Na Fuseini na cire na ba ka?"

"A'a," in ji Fuseini a hankali. "Nawa kika karɓa kika sa a akwati. Mu biyu muka je idi ba takalmi."

"To. Ni ban taɓa ɗauke na ɗaya na ba ɗaya ba. In akwai, ku biyu ku samu. In ɗaya ya rasa, ɗayan ya ajiye nasa har a samo. Haka uwata ta koya mini, haka na rene ku. Tunda kai ka kawo ƙara, Alasani, ka kuma ce a bi ƙa'ida, za a bi ta."

Yaya ya tuna rabin al'adar da ake bayarwa, ya manta rabin da ake karɓewa. Na ga lokacin da maganar ta isa kansa. Ya ɗaga hannu ya ce ba haka yake nufi ba, a tsaya a sake magana. Amma Fuseini ya riga ya miƙe. Bai yi gardama ba, bai ɓata fuska ba, ya ɗauko tsani a bayan buhunan goro ya fita da shi. Muka bi shi waje. Ya hau, ya buɗe gilashin, ya sa tafin hannu ya tare ƙarfen da ke lilo a ciki, a hankali, yadda ake dafa kan yaro. Ƙaf-ƙaf ɗin da ban ma lura ina ji ba ta ɗauke. Mai shayi ya dakata da buta a hannu.

Ya sauko ya miƙa wa Inna makullin da yake murɗa shi da shi, ta ƙulle a bakin zaninta.

"Ran da naka ya tashi, ka yi mini waya," ya ce wa Alasani. "Sai mu tashe su tare." Da zuciya ɗaya ya faɗa, har da murmushi, ko da yake idonsa ya kaɗa. Bai san cewa a bangon Komah babu abin da zai tashi ba. Ni na sani, Yaya ya sani, muka haɗa ido, kuma a karon farko tun da aka fara wannan rigima ban ji daɗin komai ba. Tausayinsu ne ya kama ni, su duka biyun.

Wani dattijo daga kan benci ya taso yana dogara sanda, Bamobe ne ɗan asalin yankin, Hausarsa ta kasuwa. Ya tambayi Fuseini ko agogon ya lalace ne. Fuseini ya ce a'a, hutawa zai yi kaɗan, maganar gida ce. Sannan ya kamo hannun ɗan'uwansa ya ce ga Alasani daga Sokodé, wanda suka zo duniya tare.

Fuskar dattijon ta washe. Ya saki sandar ta jingina a cinyarsa, ya kama hannun Yaya da hannu biyu.

"Kai ne mai na Sokodé? Kullum ɗan'uwanka yana ba mu labari a bencin nan. Ya ce wannan ba komai ba ne, naka ne babba a murya, in ya buga a Komah har kasuwa ana ji. Ya gaya wa mutumin rediyo ma, ya ce su je can su ɗauka, su ne ba su sa ba. Ni na ce kafin in mutu sai na shiga mota na je na ji da kunnena."

Yaya Alasani ya juya ya dubi Fuseini.

"Yana nan lafiya dai?" dattijon ya tambaya, bai saki hannun ba, yana jiran amsa.